Wa ke cin tallafin noma a gundumomin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a jihar Iowa ya ce a can tsabar kuɗi gwamnati ke zuba wa manoma a asusu, har ana iya duba abin da kowace gunduma ta samu. Shin na ƙaramin manomi ne, kamar takin da ake raba mana a nan? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ƙanen naka ya faɗa, amma kada ka haɗa shi da rabon taki. Tallafin can bai san mabuƙaci ba. Eka yake bi, da tarihin abin da gonar ta saba nomawa.

Tun 1933 aka fara, zamanin Shugaba Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas. Yau ma'aikatar noma ta tarayya ce ke biya ta hannun hukumarta mai kula da harkokin manoma, wato FSA, mai ofisoshi a gundumomi da kwamitin da manoman yankin ke zaɓa da kansu. Gunduma a can kamar ƙaramar hukuma ce a wurinmu, Iowa kaɗai tana da 99.

Dokar noma ta 2014 ta soke kuɗin da ake biya kowace shekara ko an yi albarka ko ba a yi ba, ta ba manomi zaɓi biyu. Na farko, PLC, yana biya idan farashi ya sauka ƙasa da wanda doka ta yanka. Na masara a lokacin dala 3.70 ne kan mudunsu da ake kira bushel, wajen kilo 25. Na biyun, ARC, shi ne inda gunduma ke shigowa. Ana ɗaukar amfanin da eka ta bayar a gundumar cikin shekara biyar, a jefar da shekarar da ta fi kyau da wadda ta fi muni, a daidaita ukun da suka rage, haka ma farashi. Idan kuɗin da ekar gundumar ta kawo bana ya gaza wani kaso na wannan ma'auni, sai a biya; dokar 2014 ta sa shi kashi 86 cikin 100 a lokacin.

Lura da kyau, gundumar ake aunawa, ba gonarka ba. A ce manoma biyu hanya ce kawai ta raba su, kowa a gundumarsa. Ƙanƙara ta kwantar da masarar ɗaya, amma sauran gundumarsa ta yi yabanya: ko sisi ba zai gani ba daga wannan shiri, sai dai inshora ta ɗauke shi, wadda ita ma gwamnati ke biyan fiye da rabin kuɗinta. Maƙwabcinsa kuwa rumbu ya cika, amma fari ya taɓa gundumarsu, sai ga kuɗi a asusu.

To wa ke kwashe mafi tsoka? Mai eka da yawa. A lokacinta, dokar noma ta 2018 ta bar iyakar abin da ake biya a dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara, sai dai a gonar haɗin gwiwa kowane abokin tarayya da tasa iyakar, kuma dokar ta shigar da ’ya’yan ’yan’uwa da taubasai cikin dangin da za a iya lissafawa. Ka ga ashe zumunci na da riba a can ma. Ƙungiyar EWG mai fafutukar kare muhalli, wadda ke wallafa jerin biyan gunduma-gunduma tun daga na 1995, ta daɗe tana nuna cewa kashi 10 cikin 100 na masu karɓa ne ke tafiya da kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin. Mai noman kayan lambu ko ’ya’yan itace ba ya cikin PLC da ARC, na masara ne da waken soya da alkama da shinkafa da gyaɗa da makamantansu.

A ganina babban wanda ke cin moriyar ma ba mai hawa tarakta ba ne. Fiye da rabin gonakin Iowa na haya ne, kuma mai gona ya san abin da ekarsa ke jawowa daga gwamnati. Idan lokacin sabunta haya ya zo, da wannan lissafin yake yanka kuɗinsa.