Me ya sa kuka take da sunan Latin?

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sakandare. An ce mu haddace Adansonia digitata, alhali kuka ce kawai da muke kaɗawa kullum. Mene ne amfanin wannan wahala? Daga wata ɗaliba, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: 'Yata, na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu, kuma wannan tambaya tana faranta mini rai. Ki ɗauki bishiyar da muke shan inuwarta a bakin titi: wani ya ce darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, wani bedi. A ƙasar Hausa kaɗai ke nan. Amma idan mai bincike a Samaru ya rubuta Azadirachta indica, takwaransa na Indiya ya san wadda ake nufi.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya daidaita tsarin suna biyu, na tsirrai a 1753, na dabbobi a 1758. A cikin sunan kowace halitta, kalmar farko kamar sunan gida ce, ta biyu sunan yanka. Yakuwa Hibiscus sabdariffa, rama Hibiscus cannabinus: gidansu ɗaya. Gidaje su haɗu su zama dangi, dangi su shiga rukunin da ya fi su girma, haka har sama.

Nan ne daɗin yake. Da damina ki je gona ki tsinko furen kuɓewa da na auduga da na rama, ki jera su a tafin hannunki. Kowanne kunnuwa biyar, a tsakiya ga wani ɗan tsinke mai ɗauke da garin fure. Danginsu ɗaya, Malvaceae. Da aka yi binciken DNA, wato sinadarin gado da ke jikin kowace halitta, sai aka shigar da kuka da lalo da goro cikin dangin nan, har da rimin da aka san Zazzau da shi. Yauƙin da kike gani a miyar kuɓewa da lalo da kuka, gado ne.

Abu ɗaya yana sosa mini rai. Kuka ta ci sunan Bafaranshe Michel Adanson, wanda ya gan ta a Senegal. Ɗorawa, Parkia biglobosa, ta ci na Mungo Park, Baturen nan mai yawon bincike da ya mutu a Bussa a 1806. Kakanninmu sun riga su sanin itatuwan nan nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake sa ɗalibaina su rubuta sunan Hausa a gefen na Latin. Ke ma ki yi haka, ki fara da abin da ke cikin tukunyar Mama yau.