Amsa ga ɗan'uwan da ke gudun safe a Bauchi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Ka ce ciwon zuciya ne ya ɗauke shi bai kai shekara 50 ba, kai kuma kana gudu kowace safiya, kana tambaya ko ka daina.

Ni dai ba zan ce ka daina ba, amma ka sassauta har likitan zuciya ya duba ka. Uba ko wa da ya kamu kafin shekara 55, ko uwa kafin 65, abin lura ne sosai a wurin likitoci.

Je asibitin koyarwa na nan Bauchi. Za su auna hawan jini da suga da kitsen jini, su yi maka ECG, wato gwajin bugun zuciya. Ka nemi a yi hoton zuciya ma, wanda suke kira eko, don shi ke nuna kaurin naman zuciya. Wani nau'in wannan kaurin gadonsa ake yi, in uba ko uwa na da shi kowane ɗa na da rabin yiwuwar ɗauka, kuma mutum na iya jin garau alhali yana tare da shi. Shi aka gano a jikin Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon ƙafa na Kamaru, bayan ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa a 2003. Don haka ka tafi da ƙannenka.

Idan hawan jini ne ko kitse, magani na riƙe su, da yawa suna ci gaba da gudunsu. Amma in ƙirji ya ɗaure ka, ko jiri ya kwashe ka kana cikin gudu, don Allah tsaya nan take, a kai ka asibiti a ranar.