Amsa: "Bila adadin" ko "ba ya misaltuwa"?

Malam, ka tambaya ko daidai ne ka rubuta "haƙuri bila adadin" a wasiƙar godiyar da za ka aika wa malaminka. A'a, bai zauna ba. Rubuta "haƙurin da ba ya misaltuwa" ko "haƙuri marar iyaka". "Bila adadin" daga Larabci ta zo, ma'anarta babu adadi, don haka tana bin abin da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya amma yawansa ya fi ƙarfin mai ƙirga: raguna a kasuwar Kara gab da Babbar Salla, ko masu ziyara a Hubbaren Shehu. Haƙuri kuwa ba a ƙirga shi, haka ƙauna da baƙin ciki.

Sharaɗi ɗaya na lura da shi wajen duba wa ɗalibai rubutu nan Sakkwato: dubi abin da ya gagara, ƙirge ne, awo ne, ko kwatance. Ni'imomin Allah "ba su ƙirguwa", ma'anar da ke aya ta 18 ta Suratun Nahli ke nan. Zafin Afrilu a garin nan yana aunuwa, yakan haura digiri 40, amma wanda ya ce "ba ya misaltuwa" bai yi kuskure ba, yana nufin ya rasa abin da zai kwatanta shi da shi. Tunda malaminka kake yabo, wannan ce ta fi dacewa, kuma ka faɗe ta sau ɗaya tak a wasiƙar, maimaitawa na rage mata nauyi.