Tambayoyi da Amsoshi: Na sa sabon rediyo a mota, allo na haske amma babu sauti

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry da nake zirga-zirga da ita tsakanin Ɓaɓura da Kano. Na cire rediyonta na asali na sayi mai allo irin na Android. Mai wayarin na garinmu ya haɗa, allo ya kawo, amma ko ƙus sifikoki ba sa yi. An rubuta JBL a jikin murfinsu. Ya ce sai dai a yanke wayoyin amfilifaya a jefar da ita. In yarda? Mai karatu daga Ɓaɓura, Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bari a sa almakashi tukuna. Rubutun JBL ɗin nan, sunan kamfanin ƙera kayan sauti, shi ne shaidar cewa motarka ta zo da amfilifaya daga kamfani, a ɓoye ƙarƙashin kujera ko bayan dashbod, kuma duk sautin da ke zuwa sifika ta cikinta yake bi. Tsohon rediyon yana yi mata abu biyu: yana tashinta, yana kuma miƙa mata sauti. Sabon bai yi ko ɗaya ba, ko kuma ya yi ɗaya ya bar ɗaya.

Fara da tashin. A bayan yawancin rediyoyin kasuwa akwai waya shuɗiya mai ratsin fari, wadda ke fitar da wuta bolt 12 da zarar an kunna rediyo. Ita ce ya kamata ta haɗu da wayar da ke tada amfilifaya a soket ɗin mota. Idan an bar ta tana lilo, amfilifaya barci take yi, komai tsadar abin da ka sayo. A motoci da yawa nan kaɗai matsalar take, aikin minti kaɗan ne.

Sai sautin. Amfilifaya an yi ta ne don karɓar sauti mai rauni ta ƙara masa ƙarfi. Wannan sautin yana fita ta ramukan RCA, masu ja da fari a bayan rediyo, galibi bolt 2 zuwa 4. Idan aka ɗura mata wayoyin sifika kai tsaye, waɗanda rediyon ya riga ya ƙarfafa, za ka ji ƙara mai yawa tun murya tana ƙasa, da shuu ba yankewa, waƙa ko karatu duk su dagule. Akwai soket na musamman da ake sayarwa, ɓangare ɗaya ya shiga na mota, ɗayan ya shiga RCA. Ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da shekarar motarka da hoton soket ɗin a wayarka, domin Camry ba iri ɗaya ba ce.

Shekarar tana da muhimmanci saboda wani dalili. Tsofaffin amfilifayoyi wuta kawai suke jira. Da yawa daga na baya-bayan nan kuwa saƙon kwamfuta suke jira daga rediyon asali kafin su tashi, har rabon sauti tsakanin gaba da baya ta saƙon ake yi. Irin waɗannan sai da ƙaramin akwati mai fassara tsakani, kamar waɗanda kamfanonin PAC da Axxess ke ƙerawa, wasu rediyoyin Android kuma suna zuwa da nasu a kwali. Duba kwalinka da kyau, sau tari ana jefar da shi a zaton tarkace ne.

Shawarar mai wayarin ɗinka ba ƙarya ba ce, ana tsallake amfilifaya. Amma ni ba na sonta a mota irin taka. Sifikokin da ke zuwa da JBL ko Bose wasunsu om 2 ne (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, in ya yi ƙasa sai ta ja wuta da yawa), rediyon kasuwa kuwa an tsara shi a kan om 4 zuwa 8. Zai riƙa zafi yana ɗaukewa, balle a watan Afrilu motar na tsaye a rana a tasha. Kuma amfilifayar ce ke raba sauti, mai kauri ga manyan sifikoki, siriri ga ƙanana. Cire ta na iya ƙona ƙananan, babbar sifikar baya ta yi shiru.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir na negatif. Duk soket ko damin waya mai rigar rawaya da aka gani a jikin motar, a bar shi, na jakar iskar da ke buɗewa lokacin haɗari ne. Kuma don Allah a daina murɗe waya da hannu a naɗe da leda; hanyoyinmu na karkara masu gargada za su kwance ta, daga nan sai ƙonewar fis ko abin da ya fi haka.

Tambaya: Sabon rediyon motata yana magana idan ina jin tashar rediyo, amma da na koma Bluetooth ko filashi sai tsit. Direba daga Ɗambatta.

Amsa: Ɗan'uwa, an yi musayar waya ne. Shuɗiya zalla ta eriya ce, a rediyoyi da yawa ba ta ba da wuta sai ana kan AM ko FM. An haɗa amfilifayarka da ita maimakon mai ratsin fari. A mayar da kowacce gurbinta. Kada kuma a bar shuɗiyar haka nan: motocin da eriyarsu ke jikin gilashi suna da ɗan abin ƙara ƙarfi da ke cin wuta daga gare ta, in babu shi, kana nisa da birni tasha irin Freedom a 99.5 za ta fara shashshaka.

Tambaya: Tunda aka canza mini rediyo batir ke mutuwa da asuba, kuma ina jin wani kuka da ke ƙaruwa in na taka totur. Malamin makaranta daga Ringim.

Amsa: Malam, laifi biyu ne daban. Rawayar wayar rediyo wuta take ɗauka kullum don riƙe agogo da tashoshi, ja kuwa sai an murɗa makulli. Idan an haɗe su wuri ɗaya, ko an tada amfilifaya daga rawayar, to tana kwana a kunne tana shan batir. Kukan kuma daga altaneta yake shigowa, yawanci saboda baƙar wayar rediyo, ta negatif, ba ta kama ƙarfe sosai ba. A kankare fenti da tsatsa, a ɗaure ta da noti a jikin bodi, a kuma nisanta wayoyin RCA daga na wuta.