Sai na canja salansa gaba ɗaya, ko a yanke inda ya ɓule kawai?

Malam, ka ce bututun salansar Corolla ɗinka ya ɓule a tsakiya, mota na ruri, wani kuma ya ce sai an canja duka. Ba lallai ba ne. A ɗaga motar idan ta huce, ka ƙwanƙwasa bututun da sifana daga gaba har baya. Inda ƙarfe ke da rai za ka ji ƙararsa garau, inda tsatsa ta ci kuwa sai ya lotsa ko ya zubo gari. In ɓarnar wuri ɗaya ce, a yanke har zuwa lafiyayyen ƙarfe ta kowane gefe, a sa guntu mai faɗi ɗaya da na asali. Wanda ya fi ƙanƙanta shaƙe inji yake yi.

Ni dai na fi yarda da walda a kan liƙi da gwangwani da waya, wanda ba ya wata biyu. Amma a cire kan batir kafin waldar lantarki, a kuma kula da tankin mai, don bututun yana bi ta kusa da shi.

Kada ka bar wurin gyaran ana cikin aiki. Tukunyar nan mai tace hayaƙi da ke gaba a jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, tana da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, ana kwashe cikinta a mayar maka da fanko.

An gama? A tada mota, a toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, ka saurara ko iska na fita ta wurin haɗin. Hayaƙin da ke shiga cikin mota yana kisa, gubarsa kuma ba ta da wari. A duba robobin rataya ma.