Wai "namijin alobera" na saya ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi wata shuka wajen masu fulawa na bakin titi a Kaduna, ba takardar suna a jikinta, mai sayarwa ya ce min namijin alobera ce. Ganyen siriri ne mai tauri, ƙaya a gefe kamar zarto, ƙasansa fari-fari. Yarinyata ta ƙone a hannu na yanka zan shafa mata sai ban ga yauƙin ba. Hankalina ya tashi, me na kawo gida?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kar ki shafa mata komai daga shukar nan. Ƙuna ruwa mai sanyi ake zuba mata kamar minti 20, banda ƙanƙara, in ta yi bororo a wuce asibiti.

Siffar da kika bayar ta dangin abarba ce, bromiliyad na busassun wurare, kuma zatona ya tsaya kan biyu, Dyckia ko Hechtia. Ki kankare farin nan da farce zai fita kamar toka, alobera ba ta da shi. Fure ne zai raba gardama. Dyckia ta Kudancin Amurka ce, galibi Brazil, sandar furenta daga gefe take fitowa tsakanin ganye, furen ruwan lemo ko rawaya, kuma uwar ba ta mutuwa bayan haka. Hechtia daga Meziko take har kudancin Texas, furenta ƙanana ne, yawanci fari ko kore-kore, namiji daban mace daban.

Amma maganar "namijin alobera" ɗin nan ita ke ƙona min rai wallahi. Babu wata shuka mai wannan suna, mai fulawa ne bai san abin da ke hannunsa ba kuma ba zai iya cewa ban sani ba, duk abin da ya ga ƙaya a jikinsa alobera ne, sai kuma masu bidiyo a TikTok su ɗora da cewa a matse a sha ana maganin basir da ulsa. Ke kin ci sa'a ganyenki busasshe ne ba abin matsewa. Wasu mutanen kuma agabe, wata shuka mai ƙaya da ke kama da alobera, ake sayar musu da wannan sunan, ruwanta na sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu zafi a fatar babba ma balle ta yaro da ta riga ta ƙone. Ita kanta alobera ta gaskiya, ruwan rawayan nan da ke tsatsowa ƙarƙashin ɓawonta gudawa yake sawa, mai ciki bai kamata ta sha ba sam, amma haka ake ɗura wa mutane ba awo ba tambaya.

Shukar taki ki ajiye ta a rana, ƙasa mai yashi da tsakuwa, tukunya mai huji. Ki ba ta ruwa a gindi in ƙasar ta bushe, ganyenta ba ya tara ruwa yadda na alobera ke yi. Ki ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa saboda ƙayar, in ta yi fure ki turo min hoto.