Ka Je Ka Yi Sallama, Ko Da Defo Na Bayan Gida

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce me ya sa aka nace sai ka bi dangi gida-gida ka yi sallama da neman gafara, alhali Defo ɗin da aka kira ka, wato wurin horar da kuratan soja, tana nan cikin Zariya, kuɗin Keke Napep kaɗai ya raba ku.

To, ka taɓa tambayar kanka daga ina sunan Chindit, barikin da Defo take ciki, ya fito? Tun 1924 ake horar da kurata a Defo, lokacin rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda Hausa ce harshen ba da umarni a cikinta. Da yaƙin Hitila ya yi zafi, sai aka riƙa ɗiban samari ana yi musu aski, a koya musu fareti da riƙon bindiga, a zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko. A 1943 runduna ta 81 ta shiga jirgin ruwa zuwa Indiya, ta 82 ta bi bayanta, duk don yaƙar Jafan a Burma, wadda tsofaffi ke cewa Boma. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na rajimantin Najeriya su aka ware aka haɗa da dakarun Janar Wingate, waɗanda ake kira Chindit. A 1944 aka sauke su da jirgin sama a bayan abokan gaba, cikin dajin da ruwan sama da zazzaɓi ke kayar da mutum kafin harsashi. Barikin Dalet na Kaduna ma sunan wani wuri ne a can.

Kakanka da ƙanensa ta ƙofar nan suka shiga. Ƙanen bai yi wa kowa sallama ba, cewa ya yi ai bariki ga ta nan kusa. Kakanka ya dawo a 1946, shi kaɗai. Na taso na iske mahaifiyarsu ba ta iya jin busar bigila da asuba ba tare da ta share ido ba, kuma abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta sa masa albarka da bakinta ba.

Daga nan gidanmu ya riƙe wannan al'ada. Soja ba shi ke zaɓar inda za a tura shi ba, yau ma haka ne.

Ka fara da gwaggonka ta Tudun Wada, ita ce babba. Ka durƙusa, ka bari ta gama addu'arta, kada ka riƙa duba waya. Ranar Juma'a bayan masallaci ka zo, akwai lambar yaƙin kakanka da zan nuna maka.